Kurfin Baba da Idona na Dama

Ba zafi na fara ji ba. Wani abu ne ɗan mitsitsi ya taɓa mini idon dama, kamar ƙwayar gero ta yi tsalle daga turmi. Na ƙifta, na sake ƙiftawa, na ɗaga guduma zan ci gaba da duka. Sai na ga awartaki ya suɓuce daga hannun Baffa Sani ya faɗi ƙasa. Ni 'yar maƙeri ce, na san maƙeri ba ya yar da awartaki. Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke zaune a bakin rumfa, sannan ya sunkuya ya ɗauka ya ce, "Tartsatsi ne. Ci gaba."

Muryarsa ce ta gaya mini ba tartsatsi ba ne.

Tun da na dawo daga Gana kuke ta zuwa gidanmu, ku 'yan ajinmu, kowa da tata tambayar. Wannan ta ce yaya teku, waccan ta ce wai da gaske ne matan can su ke riƙe da kasuwa. Kuna tambaya kuna kallon tabarma, don kada idonku ya sauka a kan baƙin tabarau ɗin da ke fuskata. Jummai ce kaɗai ta fito fili ta ce, "Zulai, don Allah me ya kai ki maƙera?" Na gaji da fara labarin ina yankewa a tsakiya, domin da na iso wani wuri sai in kasa ci gaba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kaɗan-kaɗan yadda likita ya yarje mini, ku karanta ku miƙa wa juna.

Kun san Baba maƙeri ne a Ɗambatta, kuma ni kaɗai Allah ya raya masa. Ya rasu gab da jarrabawarmu ta fita. Kafin ya cika ya bar wa Inna wasiyya a kai wa ƙanensa Sani kayan aikinsa: masaba, wato babbar gudumar ƙira, da awartaki, da kurfi, wato ƙarfen nan mai baki da ake dasawa a kan jan ƙarfe a doka a yanke shi. Uwar maƙera, ƙaton ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a doka, ba ta ɗaukuwa, tana nan a zaure har yau. Baffa Sani kuwa ya tafi Gana tun ba a haife ni ba, a hoto kawai na san shi. Babu namijin da zai kai kayan. Na ce ni zan kai.

Akwai abin da ba ku sani ba, ko kun sani kuna yi mini kara. Bakwaini aka haife ni, kuma a dangin Baba akwai matan da suka fi malamin lissafinmu iya ƙirga watanni. Ba wadda ta taɓa furtawa yana raye. Amma ana zaman makoki na ji wata gwaggo a bayan ɗaki tana cewa, "Kayan ƙira ai sai jini. Gara da ya ce a kai wa Sani." Wannan maganar ce ta ɗora mini jakar a ka.

Inna ta haɗa ni da Hajiya Gambo, ƙawarta mai fatauci, wadda ke kai huluna da turaren wuta Gana ta sayo atamfa. Mace ce gajera mai baki kamar reza. Tun a tashar jirgin ƙasa ta Kano ɗan dako ya ɗaga jakata ya dire ya ce, "Hajiya, wannan yarinyar duwatsu za ta kai Ikko?" Ta ce, "Sadakinka ne, ɗauka mu tafi." A jirgi babu wurin miƙe ƙafa. Na yi matashi da jakar, ƙotar masaba tana tokare mini wuya, ina jin warin gawayi da zufar Baba a jikinta, ban gyara ba. A wata tasha a ƙasar Yarabawa na sayi abin da na zaci alkaki ne, ashe busasshiyar ganda ce mai barkono. Hajiya Gambo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Dariyar farko ke nan da na ji a kusa da ni tun rasuwar Baba.

Mun sauka a Agege gidan wasu 'yan goro, daga nan muka shiga mota zuwa bakin iyaka. Iyaka uku ce a gabanmu, kowace da nata wulaƙancin. A ta shiga Kwatano wani ɗan kwastan mai Faransanci ya zuge jakata ya ga ƙarafa, ya ja da baya yana kiran abokansa, wai makamai ne. Ya ɗauki kurfin zai jefa a aljihun teburinsa. Hajiya Gambo ta kama wani yaron mota ta ce ya fassara masa: "Gadon marainiya ne. In cikinka zai ɗauka, bismilla." Ban san yadda aka juya maganar ba, amma mutumin ya ajiye kurfin ya goge hannunsa a wando. Sau da yawa yanzu nakan ce da ma ya ci.

A Aflawo, ƙofar shiga Gana, wata ma'aikaciya ƙatuwa ta yi ƙoƙarin ɗaga masabar da hannu ɗaya ta kasa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Turanci, duk mijin da ya aure ni ya shiga uku. A nan na fara ganin teku, ta tagar mota, ruwa yana tafasa ba wuta. Ban ji daɗinsa ba. Abin da ba shi da ɗaya gaɓar tsoro yake ba ni.

Babban birnin nasu, Hausawan can Ankara suke ce masa, unguwar Baffa kuma Nima. Lunguna ne matsattsu, rufin kwano ya rungumi rufin kwano, da wata ƙatuwar kwata da ta ratsa unguwar, kana tsallakawa a kan katako kana addu'a. Gida ɗaya sai ka sami Zabarmawa da Dagomba da Kotokoli da Mosi, kowa da ɗakinsa, murhu a jere a tsakar gida, kuma duk da Hausa suke faɗa da juna. Muna shiga wata mata doguwa ta yar da ludayi ta taho da gudu.

"Ei! Ɗiyan Yaya ne? Ka zo lafiya? Akwaaba, akwaaba, maraba! Kai, dubi yadda ka rame!"

Na waiga ina neman namijin da take yi wa magana. Ni ce. Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Wannan ita ce Mma Adiza, matar Baffa, Badagomba, mai sayar da abinci a bakin titin Mamobi. Ba su taɓa haihuwa ba. Ta zaunar da ni ta cika mini kwano da wakye, wato wake da shinkafa da ake dafawa da ganyen dawa har su yi ja, ta ɗora wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Loma ɗaya hawaye ya zubo mini. Ta ce, "Yoo, ka yi kukan barkono yau, gobe ba ka kukan gida." Daga baya na saba har da dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, wanda da farko na zaci ya lalace ne suke jin kunyar zubarwa.

Da yamma Baffa ya dawo. Kamarsu ɗaya da Baba, har tafiyar. Na ajiye jakar a gabansa. Ya ɗauki masabar ya kai ƙotar hancinsa ya daɗe a haka, kafaɗunsa suna motsi, ba sauti. Ya shafa awartakin. Da ya zo kan kurfin sai ya tsaya. Tsohon kurfi ne tun na kakanmu, kansa ya baje ya tsattsage saboda dukan shekaru. Ya juya shi, ya juya shi, sannan ya ce, "Har yanzu yana nan ashe." Washegari ya soke shi a rufin rumfarsa, ya bar shi a can.

Maƙerar tasa tana bayan kasuwar Malam Atta, ta wajen Kotobabi. Wuƙaƙe yake ƙera wa mahauta da masu tsire, da adduna na masu sare kwakwa. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba zugazugin fata yake amfani da shi ba, wilin keke ne ake juyawa yana hura iska. Na biyu kuma, da safe yana koyar da duk wanda ya zo. Na tarar da wani tsohon direba da wani magidanci Bayarabe da wani Kirista daga gaɓar teku, kowa da guntun ƙarfensa. A wajenmu ƙira gado ce. Na tambaye shi, ya ce, "Nan Ankara ne, 'yar Yaya. Yunwa ba ta tambayar asali. Dukan ƙarfe kawai nake koya musu. Sirrin wuta kuwa yana cikin jini, ba a koyar da shi."

Ni ke kai masa abincin rana. In na kai sai in ƙi tafiya, in zauna ina juya wilin. Rannan na ce, "Baffa, ka koya mini." Ya ce mace ba ta ƙira. Da Mma Adiza ta ji, ta ce, "Wane mace? Je kasuwar Makola ka gani wa ke ɗaukan buhu. Yarinya ya ɗauko guduma tun daga Kano a kai nashi, kai ko zuwa jana'iza ba ka yi ba." Wannan ta soke shi. Da safe ya miƙo mini ƙaramar guduma.

Akwai wani mahauci, Bawa, da ba ya rabuwa da bencin bakin rumfar, mutum mai raha amma bakinsa ba linzami. Da ya gan ni tsugune gaban uwar maƙera ya tafa hannu.

"Baba Maƙeri, duniya ta ƙare! Wuƙar da mace ta ƙera, yankanta ya halatta kuwa? Bari in tambayo liman."

Aka yi dariya. Wani ya ce wuta za ta cinye mini zane. Baffa bai yi dariya ba. Ya sa hannu tsirara cikin wuta ya ɗauko garwashi ja, ya juya shi daga tafi zuwa tafi kamar mai jin nauyin goro, ya mayar. Sannan ya nuna ni.

"Wannan jinin Yayana ce. Wuta ta san ta, ƙarfe ya san ta. Ƙarfe ba ya cin namu."

Ku gane mini wannan wurin, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane sauran ba. Tun da nake ba wanda ya taɓa tsayawa a gaban mutane ya faɗi haka a kaina. Ranar na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Da ƙusa ya fara ni. Na ƙera ƙusoshi har na ƙi jinin ganinsu, duk a karkace kamar ƙafar kaza. Sannan basilla, sannan 'yar aska. Ya koya mini kallon launin ƙarfe: in ya yi ja kamar gauta bai isa ba, in ya yi kamar lemo a fito da shi, in ya fara fari yana feshi to ka ƙone shi, sai a yar. Na ƙone da yawa. Ya koya mini kada in bi ƙarfe da duka bayan ya huce. "Kina dukan gawa," haka yake cewa. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Mma Adiza tana shafa mini man kaɗanya tana zagin mijinta da yarensu.

Akwai wani abu da yake yi in zai duba miƙewar wuƙa. Sai ya ɗaga ta, ya karkatar da kai gaba ɗaya zuwa dama, ya bi bakinta da idon hagu. Haka ma in an kira shi ta dama, ba ya waigawa da ido, da dukan jikinsa yake juyowa. Mu ɗalibansa duka muka ɗauka, har tsohon direban. Mun zaci yana cikin aikin.

Da ya ga hannuna ya faɗa, ya yanko mini guntun sifirin mota ya ce, "Wuƙarki." Na yi kwanaki ina baje ta, ina fitar da tsini, ina janyo baki. Ta yi kyau, ba yabon kai ba. Abin da ya rage a yanke wutsiyar da za ta shiga ƙota, sannan a goge, a tsoma ta a kaskon ruwa ta yi tauri. Ranar da za a yanke na ɗaga kai na ce, "Baffa, da kurfin Baba nake so."

Ya ce, "Bar wannan. Ya tsufa."

Bawa yana kan bencinsa, da wasu mutane. Ya ce, "A'a, Baba Maƙeri, kayan ubanta ne fa. Ko ƙarfen gida zai ci 'yar gida ne?"

Baffa ya dubi mutanen. Sannan ya miƙe ya zaro kurfin daga rufi. Shi ya riƙe wuƙar da awartaki, ni na dasa kurfin na doka. A duka na biyu ne wani ɗan ɓalli ya fita daga tsattsagaggen kan kurfin nan ya shige mini ido.

Na ci gaba kamar yadda ya ce. Na yanke wutsiyar, mutane suka yi kabbara da wasa, Bawa ya ce shi zai fara sayen wuƙar. Sai da suka watse Baffa ya ja ni bayan rumfa, ya buɗe idon da yatsu ya duba. Ba jini, sai ɗan ja kawai. Ya ɗebo ruwan kaskon da ake tsoma ƙarfe, baƙi ƙirin, ya yi tofi a ciki ya ɗiga mini. A wajen maƙera wannan ruwan magani ne, Baba ma da shi yake wanke ƙuna. Ya ce, "Zai fita da kansa. Kada ki gaya wa kowa, har Adiza."

Ban tambaye shi dalili ba, don na sani. In ƙarfe ba ya cin jinin maƙera, kuma ya ci ni, to ni jinin wa ce? Maganar da na gudo wa daga Ɗambatta ita ce za ta tarye ni a Nima, a bakin mahauta. Ni ma so nake ya zama tartsatsi.

Da farko gani ne ya dushe, kamar an ɗiga nono a ruwa. Sannan ciwo ya zo, irin wanda ke bugawa tare da zuciya har cikin haƙori. Kullum Baffa yana ɗiga mini ruwan kasko safe da yamma. Na ja ɗankwali na rufe gefen fuskar, na ce wa Mma Adiza ciwon ido ne na yayi. Ta ce in sa kwalli. Na sa.

Wata safiya ta ce in zuba mata koko a kofi. Na zuba a gefen kofin, a kan ƙafarta. Ba ta yi ihu ba. Ta kama haɓata ta yaye ɗankwalin. Abin da ta gani ban sani ba, don na daina duba madubi, amma na ga fuskarta.

"Sani!" Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. "Sani, fito! Mene ne wannan?"

Ya fito da buta a hannu. Ya ce, "Ana magani."

"Wane magani? Ruwan datti? Ido ne fa, ba garma ba!"

"Ba ki san sha'aninmu ba, Adiza. In aka kai ta asibiti gobe duk Malam Atta..."

"Malam Atta ya ci wuta! Malam Atta zai ja shi a hanya in ya makance? Amanan ɗan'uwanka ne!"

Duk gidan an fito ana kallo. Ta bar tukunyar wakye a kan wuta, abincin da za ta sayar ranar, ta ce wa maƙwabciya ta kwashe ta ba yara. Ta ɗaura mini mayafinta ta ja ni. Baffa yana tsaye da butarsa, bai hana ba, bai biyo mu ba.

Mun shiga 'yar motar haya da suke kira torotoro, a cushe kamar kifi. Duk ramin da ta faɗa sai na ji kamar an soka mini basilla. Wata mai tallan kifi da ke kusa da ni ta riƙe mini kai a kafaɗarta tana cewa "kafra, kafra," wato sannu, har muka sauka. Ban san sunanta ba.

A babban asibiti likitan ido dattijo ne mai furfura. Ya haska fitila, aka ɗauki hoto, ya sake haskawa. Sannan ya juya ya yi wa nas magana da Turanci a hankali, yana zaton ba na ji. Ranar na yi da-na-sanin zuwa makaranta. Na ji komai kafin Mma Adiza ta ji. Ƙarfe ya shige can ciki, ruwan da aka ɗiga ya sa ya ruɓe, idon ya riga ya mutu. Da an zo a ranar, da wataƙila. Yanzu dole a cire shi, domin ido in ya lalace haka yakan ja ɗan'uwansa. Kuma ko an cire, sai an yi makonni ana duba na hagun kafin a san ko ya tsira.

Na ce masa da Turanci, "Zan makance ke nan?" Ya firgita. Ya cire tabaransa ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba tukuna.

Aka yi aikin. Da na farfaɗo nas ta nuna mini abin a kan auduga. Bai kai ƙwayar riɗi ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne har yanzu ke tashe ni a firgice. Kullum da asuba ina farkawa ba na yarda in buɗe idon. Sai in kwanta ina jin motsin mutane, ina cewa in na buɗe na ga duhu fa? Sannan in buɗe kaɗan in nemi fankar da ke rufi. In na gan ta sai in ƙirga fukafukanta, in sake ƙirgawa. Ko ƙura ce ta shiga idon sai in ce shi ke nan, shi ma ya tafi. A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa Kirista da aka yi wa aikin yanar ido, ba ma jin yaren juna. Tana ɓare lemo ta ba ni rabi, in ta ji ina kuka sai ta kama waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. A gida da an ce kada in saurara. Na saurara.

Mma Adiza kullum tana nan. Baffa bai zo ba ko sau ɗaya. Ta ce tun ranar bai hura wuta ba, ɗalibansa sun gaji da zuwa sun daina. Bawa ya aiko da hanta gasasshiya, wai tana gyara ido, shi ma bai iya zuwa ba. Da aka sallame ni na koma gida, sai na lura in na fito tsakar gida hira takan mutu. Wata rana na ji wata tana ce wa wata a bakin famfo, "Ai an ce ƙarfe ba ya cin nasu." Ɗayar ta ce, "To, ka gani." Ashe har nan ta iso. Baffa kuwa in ya ji motsina sai ya shige ɗaki. Na ɗauka shi ma lissafin ya fara.

Ranar dubawa ta ƙarshe, mun fito za mu tafi sai muka gan shi a ƙofar gida da babbar riga. Ya ce wa matarsa, "Je ki kasuwarki. Ni zan kai ta." Muka hau torotoro tare. A asibiti muka zauna a dogon benci muna jiran kira, shi yana hagu da ni. Rana ta ɗaga, layi ba ya tafiya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zulaihatu."

"Na'am, Baffa."

Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na hagu. "Ɗaga hannunki a gabana."

Na ɗaga.

"Kin ɗaga?"

Na dubi idonsa na dama da kyau, karo na farko. A buɗe yake, yana nan kamar na kowa, sai dai baƙin ya ɗan yi launin tsatsa. Na kaɗa yatsuna har suna taɓa gashin idon. Bai ƙifta ba.

Ya ce, "Ina saurayi. Kurfin nan ne. Ubanki ke duka, ni ke riƙe. Babanmu ya ɗiga mini ruwan kasko ya ce in yi shiru, kada a ce gidanmu ba maƙeran asali ba ne. Nawa bai ruɓe ba, a hankali ya mutu. Shi ya sa na bar gida, na kasa zama ina ganin Yaya yana kallona. Adiza ma ba ta sani ba." Ya sauke hannun. "Ƙarfe yana cin namu, 'yar Yaya. Namu ya fi ci, don mu ke kusa da shi. Na sani, kuma na miƙa miki."

Na sauke hannuna. Abu biyu ne suka taso mini lokaci guda, har yau ban raba su ba. Ɗaya, da ya faɗi wannan a bayan rumfa ranar, da yanzu da idona biyu nake rubuta muku. Ɗaya kuma, kurfin kakanmu bai yi lissafin watanni ba, inda ya ci ɗan gida nan ya ci ni. Kuna tambayata ko na yafe masa. Wata rana na yafe, wata rana ban yafe ba.

Aka kira sunana. Likitan ya ɗiga magani, ya kashe fitilar ɗaki, ya kusanto da tasa. Ya ce in dubi sama, in dubi ƙasa, in dubi kunnensa. Ya daɗe yana dubawa. Daga nesa, ta wata unguwa, na ji an fara kiran sallar azahar. Sai ya kashe 'yar fitilarsa, ya ja kujera baya, ya yi magana. Na ji Turancin sarai, amma kaina ya ƙi ɗauka. Nas ɗin 'yar Zango ce, wato unguwar Hausawan can, ta dafa kafaɗata ta faɗa da Hausarsu.

"Ya ce ido naka ya tsira. Ba abin da zai same shi. Ka ji? Ka tafi gida."

Na fito ina dafa bango. Baffa yana nan a kan benci, hularsa a hannu, ƙofar tana damansa. Na ce, "Baffa." Ya juyo da dukan jikinsa, ya karkatar da kai don ya same ni. Ni ma sai na ji na karkatar da nawa don in same shi, ba kwaikwayo ba wannan karon.

Na ce, "Ya tsira."

Ya rufe fuskarsa da hular.